Ku Tambayi Hajiya: Sun saka sunana a guruf don ban gama biyan kuɗin taimakon makaranta ba

Assalamu alaikum mutanen Zango, na Kumasi da na nesa. Wannan karon wasiƙu uku na ware, kuma kamar an haɗa baki duk akan makarantun kuɗin nan ne na zamani, waɗanda basa duka basa cika yaro da hadda amma kullum suna kiran iyaye mitin. Na ɗan rage tsawonsu, sunaye kuwa kun san tsarinmu bama sakawa.

TAMBAYA

Salamu alaikum Mma Hajiya, ya gida ya ƙoƙari. Dan Allah ki bani shawara don abin nan ya fara hanani barci. Ni waakye nake sayarwa a Aboabo, yarana biyu suna wata makarantar kuɗi irin ta Montesori ɗin nan, kuma wallahi bani da abin cewa akan karatun, ƙaramar da bata magana a gaban mutane yanzu ita ke tsare ni da tambaya har na gaji. Matsalar ita ce bayan sukul fiz da nake biya da ƙyar, sai kwamitin iyaye suka ce za a gina ɗakin karatu kowane yaro sidi 300, ni kinga 600 kenan, miliyan shida a tsohon lissafi. Na bada 200 nace zan cika a hankali, kawai ranar Lahadi na buɗe waya naga an jero sunayen waɗanda basu gama ba a guruf ɗin WhatsApp da nawa a ciki, wata har ta rubuta wai wanda bai iya ba ai makarantar gwamnati kyauta ce. Mitin kuma ƙarfe 9 na safe ranar Asabar suke yi lokacin da nake tsakiyar ciniki, da turanci daga farko har ƙarshe. Mijina yace mu cire su kawai. Ni kuma bana so. Yaya zanyi?

Daga uwar yara biyu, Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki cire su tukuna, ki cewa maigida Hajiya tace ya ɗan yi haƙuri zuwa ƙarshen wannan zangon karatun. Yaron da bakinsa ya buɗe a makaranta ba ƙaramin abu bane, ba za a bar shi saboda bakin wata a guruf ba.

Sukul fiz daban, kuɗin taimako daban, kuma mutane da yawa suna cakuɗa su, wani lokacin da gangan. Fiz yarjejeniya ce tsakaninki da mai makaranta, kin sani tun ranar da kika kai yaran. Shi kuwa na ɗakin karatun nan gudummawa ce da iyaye suka yanke a mitin ɗin da ke ko zama ba a baki damar yi ba, to mutum baya zama mai laifi akan gudummawa, balle wadda ta riga ta miƙa 200 daga cinikin tukunya. Wanda ya jero sunayen bai kyauta ba, kuma ina zargin bai ma yi tunanin cewa yara suna ɗaukar wayar iyayensu ba, gobe a filin wasa wani zai cewa 'yarki mamanki bata biya ba. Makarantar da ke alfahari bata kunyata yaro a aji bai kamata ta bari a kunyata uwarsa a waya ba, wannan maganar ki faɗawa hedimasta ita haka yadda na faɗa, ido da ido, a ofis, ba a guruf ba. Ki tafi da wata uwar da sunanta ke jerin, don na tabbata ba ke kaɗai bace.

In kin zauna dashi akwai tambayoyin da nake so ki yi, cikin ladabi amma kar ki ji kunya, wanda ya bada kuɗinsa yana da bakin tambaya. Ginin nan in an gama na waye? Makarantar kuɗi a ƙasar nan wata an yi mata rajista a matsayin kasuwancin mutum ɗaya, wata kuma a matsayin wadda ba ta neman riba da kwamitin amintattu a kanta, kuma bambancin babba ne, don in ta mutum ɗaya ce to ku iyaye kuna ƙara masa ɗaki ne a filinsa, gobe in ya sayar ko ya mai da wurin gidan haya ba wanda zai tuna da sidi 300 ɗinki. Ban ce kar a taimaka ba, amma a irin wannan gara kuɗin iyaye ya tafi kan littattafai da kujeru da kayan aikin yara, shi mai makaranta ya ɗau nauyin bulo da siminti. Sannan kuɗin ina yake shiga? In lambar momo (asusun kuɗi na waya) ta wani malami ce ko ta ciyaman shi kaɗai, nan ma akwai gyara, ya kamata ƙungiyar iyaye ta samu asusunta da mutum biyu ko uku ke sa hannu, a baki rasit, kuma kowane zango a manna lissafi a bango: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga saura. Ko adashin mata a unguwa ai akwai littafi, mai susu ma da yake zagaya Kejetia kullum yana yi miki alama a kati. Kuma ba laifi ki tambaya ko makarantar na da lasisin NaSIA, hukumar da ke duba makarantu tun dokar 2020, wanda ke da takardarsa baya jin haushin tambayar.

Yanzu bari na zo inda nafi so. Ke kina ganin kanki a matsayin wadda bata da shi, ni kuma ina ganin wadda duk kwamitin nan ba mai irin jarinta. Mace mai dafa tukunyar da ke ciyar da layin mutane kowace safiya, ta san farashin buhun shinkafa da na wake da na mai a kasuwar Asawase, ta san nawa za a zuba a ganye a ci riba. Su waɗancan masu turancin in za su yi bikin tara kuɗi sai sun ɗauko mai abinci daga waje sun biya shi, rabin abin da aka tara ya tafi nan. Kije ki ce musu ragowar 400 ɗin zan biya da hannuna, ku sayi kaya ni zan dafa ranar bikin, a sayar, ribar ta shiga asusu. Ki kira mai koko da ƙosai, mai sobolo, mai masa, baban wani yaron mai cicinga, na rantse a cikin iyayen nan akwai su, kawai ba a taɓa tambayarsu bane. Haka kafinta ya haɗa kantar littattafai, tela ya ɗinka labule, mai aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya kwaso yashi. Aikin gayya ne, mu muka san shi tun kafin a kawo mana kalmar bolantiya, Asantawa ma suna da nasu a gona da suke kira nnoboa. Sai dai a rubuta shi a lissafi da darajarsa ta kuɗi, kar ayi miki godiyar baki sannan sunanki ya ci gaba da zama a jerin masu bashi.

In kuma dole sai an yi gasar bayarwa don wasu basa sakin kuɗi sai ana kallo, to ku ari dabarar maƙwabtanmu na coci, wadda suke cewa Kofi ne Ama. Ana kiran mutane ne bisa ranar haihuwa, 'yan Litinin su taso su zuba, 'yan Talata su taso, a ƙarshe a ƙirga a ga ranar da tayi nasara. Daɗinta shi ne kwano ake ƙirgawa ba mutum ba, mai sidi 5 da mai 500 duk sun taka rawa sun koma kujera ba wanda ya san na wani. Mu ma ai muna da su Ladi da Talatu da Laraba da Lami da Jummai da Asabe, su Ɗanjuma da Ɗanladi, ba sai mun canja komai ba.

Maganar lokacin mitin kuwa ki nemi a riƙa juyawa, wani Asabar da safe wani Lahadi bayan la'asar, kuma a samu mai fassara da Hausa da Tuwi. Ita mai cewa makarantar gwamnati kyauta ce, ki barta, kar ki amsa mata ko da alamar dariya.

TAMBAYA

Hajiya barka da aiki. Ni direba ne, ɗana yana aji 4 a irin makarantun nan, kuma gaskiya hankalina bai kwanta ba. Ba bulala, aikin gida kaɗan, ranar nan ya dawo da ƙasa a riga wai sun shuka kuɓewa suna auna tsawonta da rula. Mu da muka yi makarantar allo muka yi ta boko mun san karatu sai da wuya. Ina tsoron BECE, jarrabawar shiga babbar sakandare, so nake ya samu makarantar Prempeh ko Opoku Ware. Kuma sun aiko wai nazo aji na yiwa yara bayanin sana'ata, ni me zan faɗa musu, ba wasa da hankali bane wannan?

Daga wani uba, Asawase

AMSA

Malam barka kadai. Tsoronka ba shirme bane, jarrabawar WAEC bata tambayar yaro ko yaji daɗin makaranta, kuma tunda aka fara sakandare kyauta a 2017 ba kuɗi ke kai yaro manyan makarantun nan ba, sakamako ne da kwamfutar rabo. Amma bulalar da kake kewa, GES, hukumar ilimi ta Ghana, ta hanata tun 2017 kuma ta sake jaddadawa a 2019, don haka ba wai makarantar ɗanka ce ta ƙirƙiro ba, a shekarar 2019 ɗin ma aka kawo sabuwar manhajar firamare wadda ita kanta take son yaro ya riƙa yi da hannunsa yana tambaya. Tsarin kuma ba na jiya bane, Mariya Montesori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a 1907 a wata unguwar talakawa a birnin Rum, 'ya'yan leburori ta fara dasu ba 'ya'yan masu kuɗi ba, abin da yakan bani dariya in naga fiz ɗin wasu masu amfani da sunanta yau. Kuma ka sani sunan kowa na iya rubuta shi a allon ƙofa, a Kumasi kaɗai ka ƙirga ka gani, wasu da gaske suke wasu fenti ne.

Yadda zaka gane ba wuya. Ka zaunar da yaron ka bashi abin karantawa da bai taɓa gani ba, ya karanta ya faɗa maka da Hausa abin da ya fahimta. Ka bashi lissafin aikinka, fasinja kaza kowa ya biya kaza, an sha mai na kaza, nawa ya rage. In ya warware to kuɓewar nan tana aiki, don auna ta da rula duk sati da rubutawa lissafi ne da kimiyya a haɗe. In ya kasa, kaje ka tambayi malamarsa a ina yake a manhajar aji 4, kuma ka tambayi makarantar yadda ɗalibansu na baya suka yi a BECE in suna da ajin JHS, wato ƙaramar sakandare, su nuna maka a takarda.

Gayyatar kuwa kaje mana! Mutumin da ya san hanyar Kumasi zuwa Tamale gari bayan gari, Techiman, Kintampo, Buipe inda ake haye kogin Baƙin Volta, ai darasin taswira ne da ƙafafunsa. Ka buɗe musu bonet su ga inda ake zuba ruwa da inda ake duba mai. Ɗanka zai yi sati yana taƙama, kai kuma zaka ga ajin da idonka a ranar aiki, wanda yafi duk abin da za a faɗa maka a mitin.

TAMBAYA

Anti Hajiya, ina cikin kwamitin iyaye, an kawo shawarar mu sayar da tikitin raful a bikin ƙarshen shekara, wanda ya ci ya ɗau firji. Mu Musulmin ciki jikinmu yayi sanyi amma bama so ace mun cika matsala. Kuma an sa bikin ranar Asabar da safe lokacin makarantar islamiyya.

Daga wata uwa, Tafo Zango

AMSA

'Yata, jikinku yayi daidai da yayi sanyi, mutum ya sa kuɗi don ƙila ya ci ƙila ya rasa, malamai da yawa caca suke kiransa ko da niyyar mai kyau ce, ki tambayi limaminku zai ƙara miki bayani. Amma kar ku shiga mitin da a'a kaɗai a hannu, ku shiga da madadin. Firjin nan a yi gwanjonsa a fili, wanda ya fi tayi ya biya ya ɗauka, ciniki ne halal kuma Alhazan Zango in aka haɗa su gasa a gaban jama'a kin san sai an wuce kuɗin kanti. A ƙara da zanen da yara suka yi, kakanni ne ke saye. Sannan ku fitar da yayi na makaranta kamar yadda muke yi a biki da suna, a sari atamfar a Kejetia a ɗora sidi kaɗan akan kowane yadi, Kirista da Musulmi kowa zai ɗinka, ba wanda zai ji an tilasta masa.

Lokaci kuma ku nemi a mai da shi bayan azahar, yara sun taso daga makaranta sun ci abinci. Ku faɗa tun yanzu kafin a buga katin gayyata, don in an riga an biya mai kanofi da mai kujeru ba wanda zai saurare ku.