Wa zan bar wa amanar yarana in ta Allah ta kasance?

Tambaya: Salam Barista. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Kaduna, ina zaune a Rigasa, yarana huɗu, babbar shekararta 11. Ina da gida da fili ɗaya sai ɗan abin fansho. Yayana ne babba a gidanmu amma gaskiya kuɗi ba sa kwana a hannunsa, kuma na san in na faɗi na mutu shi za a ce ya riƙe komai. Na sa sunan matata a fom ɗin banki da na ofis, wannan ya isa ko akwai abin da zan ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara nisan kwana. Bai isa ba gaskiya. Sunan nan da ake cikewa a fom amfaninsa a san wa za a nema in wani abu ya faru, ba ya sa mutum ya zama magaji kuma ba ya ba shi ikon taɓa kason yara, banki da kamfanin fansho sai sun ga takardar kotu kafin su saki ko sisi.

Abin da mutanenmu ke cakuɗawa shi ne riƙon yaro da riƙon dukiyar yaro, alhali abu biyu ne daban. Riƙon yaro, wato inda zai kwana ya tashi, a Malikiyya da kotunanmu na Shari'a ke aiki da ita haƙƙin uwa ne tun farko, namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwar ta rasu ko ta auri bare sai ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa, dangin uwa suna gaban na uba a nan. To ka ga wannan ɓangaren ba kai za ka raba shi da biro ba, shari'a ta riga ta jera mutanenta.

Inda kake da cikakken iko shi ne dukiya. Mai kula da dukiyar ƙaramin yaro uba ne, bayansa sai wanda uban ya naɗa wasiyyi, in bai naɗa kowa ba sai alƙali ya naɗa. Baffa ba ya cikin jerin nan don kawai shi ne babban gida, al'ada ce ta ɗora shi, kuma in akwai namiji cikin yaranka ko gadonka ma yayan naka ba ya ci. Amma fa in ka yi shiru, ranar sadakar uku kowa na jin kunyarsa, matarka na cikin takaba ba ta da bakin magana, shi ke nan takardun gida sun shige aljihunsa kafin a je gaban alƙali.

Sharaɗin wasiyyi ya zama Musulmi baligi mai hankali, amintacce, wanda zai iya aikin. Mace na iya zama, don haka matarka ma ta halatta, kuma ni a ganina sau da yawa ita ta fi dacewa tunda ita ta san kuɗin makaranta da na asibiti. Sai dai ka tuna ita ma tana da tumuninta a gadon kuma tana iya sake aure, shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa ta da mutum ɗaya daga danginka, ƙani ko ɗan baffa mai tsoron Allah wanda ya iya lissafi, in an naɗa biyu ɗaya ba ya sayar da komai sai da yardar ɗayan. Kar ka zaɓi mutum don yana da kuɗi ko don gemunsa, duba yadda yake da bashi, yadda yake riƙe nasa 'ya'yan, da shekarunsa, dattijo ɗan 70 ba zai raka autanka zuwa jami'a ba sai wani ikon Allah. Kuma ka tambaye shi tukuna, wasu sai a wajen makoki suke jin wai an bar musu marayu huɗu. Ka rubuta wani na ajiye ko da na farkon ya riga ka tafiya.

Wajen rubutawa ka samu lauya ko malamin da ya san gado, ka sa hannu gaban shaidu biyu adilai waɗanda ba su da kaso a ciki. Ka lissafa gida da fili da lambar takardunsu na KADGIS (hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna), asusun banki, kamfanin fanshonka, bashin da ake bin ka da wanda kake bi. Tunda babbarka mace ce ka fayyace ko wasiccin ya haɗa da waliccin aurenta ko dukiya ce kawai, nan ma ana rigima sosai. Ka sa a riƙa rubuta duk abin da aka kashe da rasit, sannan ranar miƙa wa yaro kayansa in ya yi hankali a kafa shaidu, haka aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta ce. Naɗa wasiyyi bai taɓa rabon gado ba, kyautar wasiyya ce ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji.

In wasiyyin ya ci amana alƙali na da ikon cire shi, uwar yara ko wani ɗan uwa na iya kai ƙara kotun Shari'a, kuma sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron irin wannan maganar ta riƙon yara da wasiyya da gadon Musulmi. 'Yan uwanmu Kirista da ke karantawa, naku ta Babbar Kotu yake bi, rubutacciyar wasiyya da shaidu biyu, kotu kuma abin da ya fi wa yaro alheri take dubawa.

Shi kuma Yaya, ba sai an yi ɓatacciya ba. Ka sanar da shi da bakinka gaban wani dattijon gidanku cewa ka ɗauke masa nauyin lissafi ne, shi uba ne mai sa ido. Kwafi ɗaya wajen matarka, ɗaya wajen lauya, ɗaya wajen wanda ka naɗa.