Wanda ya amsa laifin kisa da bakinsa, me ya rage wa kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, mutum ya tsaya gaban alƙali ya ce da bakinsa shi ya yi kisan, amma a ci gaba da zaman shari'a wata da watanni, lauyansa kuma ya zo yana cewa ba ya cikin hayyacinsa. Shin wannan ba hanyar kuɓutar da masu laifi ba ce? Kuma me ya sa mutum biyu da suka yi kisa sukan sami hukunci daban? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wanda ya ce "ni na kashe shi" aikin hannunsa kawai ya amsa, alhali laifin kisan kai a doka sai an haɗa aikin da niyya. Kotu tana bukatar ta tabbatar cewa mutumin ya mutu, cewa aikin wanda ake tuhuma ne ya jawo mutuwar, kuma ya yi shi da nufin kisa ko mummunan rauni. Ban da haka, mutane sukan amsa laifi saboda tsoro, ko duka, ko don su rufa wa wani nasu asiri. Shi ya sa a Najeriya dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce duk wanda ya amsa laifin da hukuncinsa kisa ne, a rubuta masa cewa ya musanta, mai gabatar da ƙara ya kawo hujjojinsa. Ina ganin daidai ne, domin rai idan ya fita ba ya dawowa. A Ingila kuwa ana karɓar amsa laifin, amma ɗaurin rai da rai wajibi ne, sassaucin da yake samu bai wuce kashi ɗaya cikin shida na mafi ƙarancin shekarun da zai yi a kurkuku ba, kuma ba ya haura shekara 5.

Bambancin hukunci yana zuwa ne daga abubuwan da ke ƙara wa laifi nauyi, kamar daɗewa ana kitsa kisan, azabtar da mamacin, kashe yaro ko ɗan sanda a bakin aiki, ko yin kisa don kuɗi. A Ingila alƙali yakan fara lissafin mafi ƙarancin zaman kurkuku daga shekara 15, ya koma 25 idan mai laifin ya taho wurin da wuƙa da nufin amfani da ita, ko 30 idan da bindiga ne ko don abin duniya. A Amurka, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2002, masu taimaka wa alƙali ne za su tabbatar da irin waɗannan abubuwa kafin a yanke hukuncin kisa.

Batun taɓin hankali shi ne ya fi bukatar bayani, domin a nan mutane suka fi yi wa doka mummunar fahimta. A 1843 wani mutum mai suna Daniel M'Naghten ya harbe Edward Drummond, sakataren Firayim Ministan Birtaniya Robert Peel, a Landan, yana ɗauke da ruɗin cewa jam'iyya mai mulki tana farautar rayuwarsa. Da kotu ta wanke shi bisa hujjar taɓin hankali jama'a suka fusata, har Majalisar Dattawan ƙasar ta nemi manyan alƙalai su fayyace ƙa'ida. Abin da suka shimfiɗa shi ne cewa kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma dole a nuna cewa a daidai lokacin aikin cutar ƙwaƙwalwa ta hana mutum sanin abin da yake yi, ko sanin cewa ba daidai ba ne. Ƙasashe da yawa sun gaji wannan ma'auni, kuma tun kafin nan shari'ar Musulunci ta ɗauke alƙalami daga mahaukaci har sai ya warke.

Ki lura da kalmar "a daidai lokacin aikin". Takardar asibiti kaɗai ba ta wadatar, zafin rai ko maye da mutum ya jefa kansa ciki ba hauka ba ne, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan wanda ake tuhuma. Kotu takan duba abin da ya yi kafin kisan da bayansa, domin wanda ya ɓoye makami ya tsere ya nuna alamar ya san abin da ya aikata. Ko likitoci sukan saɓa: a shari'ar Anders Breivik, wanda ya kashe mutum 77 a ƙasar Norway a 2011, tawagar likitoci ta farko ta ce yana da taɓin hankali, ta biyu ta ce ba shi da shi, kotu kuma ta yanke a 2012 cewa da hankalinsa ya yi.

Wanda kariyar taɓin hankali ta karɓu gare shi ma ba gida ake sallamarsa ba, yawanci asibitin masu taɓin hankali mai tsaro ake kai shi ba tare da ranar fita ba. Shi kansa M'Naghten a tsare ya ƙare rayuwarsa, ya rasu a asibitin Broadmoor a 1865, shekara 22 bayan an wanke shi.