Kafin ka yi wa bindigar farauta kwalliya

Ga tambayoyin da mutane daban-daban suka aiko, kowace da amsarta.

Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka, abokan aiki sun ja ni farautar barewa. Na sayi bindiga samfurin Remington 700 mai cin harsashin .308. Na ga madubin saiti na Leupold a intanet da kuɗin da bai kai rabin na shago ba. In saya?

Kada ka saya, ɗan'uwa. Kamfanin Leupold yana Bibaton a jihar Oregon, kuma shi da kansa ya daɗe yana kuka da masu buga jabun kayansa: ga tambari, ga zoben ruwan gwal a baki, ga kwali mai sheƙi, ciki kuwa tarkace. Madubin gaske yana da lambar shaida da za ka iya kiran kamfanin su tantance, kuma suna gyara shi kyauta in ya lalace. Na jabu fa, wa za ka kai wa?

Abin da ke ba ni haushi shi ne, mu da muka taso a kasuwar waya da caja, mun san araha ba ta ado, amma da mun ga hoto mai kyau sai basira ta toshe. Jabun caja dai iyakarsa ya ƙi caji. Jabun madubi kuwa, harbi ɗaya bindiga ta yi ta tokare ka a kafaɗa, gicciyen saitin da ke cikinsa ya goce ba ka sani ba. Na taɓa tsayawa a filin gwaji kusa da wani da ya yi irin wannan cinikin. Harsashi uku na farko suka taru wuri ɗaya a yadi 100, har ya fara murmushi. Na huɗu ya tafi hagu da taƙi guda, na biyar ko takardar bai taɓa ba. Ya yi ta murɗa maɓallin saiti har kwalin harsashinsa ya ƙare, gilashin kuma ya yi hazo daga ciki da sanyin safe. Da a daji ne, da ya fasa wa dabba ciki ta gudu ta mutu a wahale, ga alhaki ga asarar nama.

Nemi madubin 3-9x40 (mai ƙara girman abu sau 3 zuwa 9, gilashin gabansa milimita 40) daga dillalin da aka sani, ya ishe ka barewa. Duba kaurin bututunsa, inci 1 ne ko milimita 30, ka sayi zobban ɗauri daidai da shi. Kuma tunda taka .308 ce, shimfiɗar da ake ɗora zobban ta zama ta gajeren gidan sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ya kulle shi. Ta bindiga mai cin harsashin .30-06 doguwa ce, ba za ta hau ba. Wajen ɗaure noti kada ka sa ƙarfin ɗaure tayar mota, bi awon da aka rubuta a takarda.

Surukina ya bar mini tsohuwar 700, sai na ji ana cewa irinta tana tashi da kanta. Ga yara a gida, ko barci ba na yi.

Kwantar da hankalinka, Malam, kuma ka kyauta da ka tambaya. Gaskiya ne a 2014 kamfanin Remington ya janye kunamar X-Mark Pro ta bindigogin da aka ƙera daga Mayun 2006 zuwa Afrilun 2014, tsohuwar kunamar da ta gabace ta ma an sha shari'a a kanta. Yau ɗin nan ka tabbata babu harsashi a ciki, ka zare sakatar, ka kulle ta wuri daban, harsashi ma daban. Sannan ka kai wa ƙwararren mai gyaran bindiga ya duba, in ta kama ya sa sabuwar kunama irin ta kamfanin Timney. Kada ka taɓa notocinta da kanka don wani bidiyo ya ce ana sassauta ta.

Sakatata ta yi tsatsa. Zan iya aron ta abokina tunda samfuri ɗaya ne?

A'a. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi ana auna ta ne ga kowace bindiga. In ta yi yawa, kwanson harsashi na iya fashewa dab da idonka.

Gindin bindiga na katako ko na roba?

In ruwa da damshi za ka shiga, roba, don katako yana kumbura ya taɓa saiti. In naka yana harbi daidai, bar shi, ka kashe kuɗin a harsashin atisaye.

Daga Kano nake. Wa zai kawo mini madubi da sassa in haɗa tawa a gida?

Haba bawan Allah! Ko lasisi ba ka ambata ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta hana mallaka ba lasisi, ta hana ƙerawa ko haɗawa ko gyarawa ba izini, shigo da su ma sai da takarda. In ɓera da gafiya ne suka dame ka a gona, tarko na nan a Kasuwar Kurmi.