Amsoshin Wasiƙunku: Ƙurajen Fuska da Haɗin Man Kwana Bakwai

Wasiƙun wannan makon yawancinsu a kan fuska suke, shi ya sa na tara su wuri guda. Kamar yadda aka saba, na cire sunaye.

Anti, shekaruna 17. Ƙuraje sun cika min goshi da kumatu, 'yan ajinmu suna tsokanata har na koma jan hijabi ina rufe rabin fuskata. Umma ta ce ƙazanta ce, shi ya sa nake dirza fuskar da soso da sabulun salo sau biyar a rana, amma ƙaruwa suke yi. Ba ni da kuɗi sosai. Me zan saya? Ɗaliba, Katsina.

'Yata, kwantar da hankalinki, kuma ki karanta wa Umma wannan amsar. Ba ƙazanta ba ce. A shekarun balaga fata tana fitar da maiƙo fiye da da, maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, sai ƙwayar cutar da dama can take zaune a fatar kowa ta samu wurin hayayyafa, wurin ya kumbura. Mafi yawan matasa suna bi ta nan, maza da mata, har waɗanda suka fi kowa tsafta.

Soson nan shi ne yake ƙara miki aiki. Ajiye shi yau. Dirza tana fasa ƙurajen, ta bar fatar da raɗaɗi, ta kuma bar miki baƙin tabo. Sabulu sau biyu ya isa, safe da dare, da tafin hannu, da ruwa mai ɗan ɗumi. Ruwan alwala ba ya cikin lissafi, ki yi alwalarki kamar kullum, ba sai kin ƙara da sabulu ba. Sabulun salo yana da ƙarfi, yana busar da fata, musamman da hunturu. In shi kaɗai kike da shi, ki yi kumfarsa a hannu, ki shafa, ki ɗauraye nan take.

Abin saye guda ɗaya ne a yanzu: man benzoyil feroksayid mai ƙarfin kashi 2.5 ko kashi 5, daga kantin magani mai rajista. Ki shafa shi siriri da dare a duk inda ƙurajen suke fitowa, ba kan ƙurji ɗaya-ɗaya kawai ba. Ki fara da tsallake dare ɗaya, don zai ɗan busar da fatar da farko. In ta bushe, ki bi da man laushin fata mara maiƙo. Yana cin launin yadi, don haka kada ya taɓa hijabin makarantarki, kuma ki sa wa matashinki tsohuwar riga. Sai haƙuri: sati 6 zuwa 8 kafin ki ga bambanci, wata 3 kafin ki yanke masa hukunci.

Tunda goshi ne ya fi, ki duba man kitsonki. Yana gangarowa da gumi, ɗankwali da hular hijabi su riƙe shi a kan goshi yini guda. Ki riƙa wanke su akai-akai. Kuma don Allah ki cire hannu daga fuskarki. Ƙurji yana tafiya cikin kwanaki, amma tabon da matsa take bari a fata irin tamu yana iya yin watanni.

Da gaske ne gyaɗa da ƙuli-ƙuli suke kawo ƙuraje? Wani ɗan'uwa, Azare.

Babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan gyaɗa. Abin da bincike ya fi nuna wa yatsa shi ne yawan zaƙi, lemon kwalba, farin burodi da makamantansu, sai madarar shanu ga wasu mutanen. Ci ƙulinka, ka rage lemon.

Anti, saura sati uku bikina, fuskata duk tabo. Wata mai gyaran jiki a Instagram ta ce tana da haɗi na musamman, sabulu da man fuska da na jiki, naira dubu 45, ta ce duk kayan itatuwa ne, cikin kwana bakwai zan yi haske, ƙurajen su ɓace. Ƙawayena biyu sun gwada, kuma wallahi sun yi kyau. In saya? Amarya, Kano.

Allah Ya sanya alheri, ƙanwata. Kada ki saya. Kuma zan tsaya a kan wannan wasiƙar, domin babu makon da irinta ba ta zuwa, kuma abin yana ci min rai.

Na yarda ƙawayenki sun yi kyau. Matsalar ke nan. Babu kurkur, babu zuma, babu man kaɗanya ko karas da zai canza launin mutum ya share masa ƙuraje cikin kwana bakwai. Abin da yake wannan aikin da irin wannan saurin magani ne mai ƙarfi, kuma yawanci sitiroyid ne. Yana danne kumburi, ya takure ƙananan jijiyoyin jini, ya rage launin fata. Satin farko fuska ta yi sumul, ta yi sheƙi, kowa ya tambayi sirrin. Mai haɗin ta sayo tub-tub na maganin, ta matse su cikin roba, ta zuba turare da ɗan kurkur don launi, ta liƙa takarda mai sunan shagonta. Ba jerin abin da ke ciki, ba ranar lalacewa, ba lambar NAFDAC. Ita kanta ba ta san adadin da ta zuba ba.

Ku da kuke sayen tub da kanku a kemis, ku ma maganar ta shafe ku. Ku juya kwalin ku karanta. Funbact-A akwai Betamethasone a ciki, Skineal akwai Clobetasol. Duka biyun sitiroyid ne. Magunguna ne da aka yi don wasu cututtukan fata, a shafa na 'yan kwanaki bisa umarnin likita. Ba man shafawa ba ne, ba maganin ƙurajen fuska ba ne, balle a zuba su cikin man jariri kamar yadda wasu iyaye suke yi don yaro ya yi fari. Wannan zalunci ne ga yaron, ko da ba a yi da niyya ba.

Ga abin da mai haɗin ba za ta nuna miki a hoto ba. Bayan 'yan watanni fatar takan yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi a kumatu. Rana kaɗan, fuska ta yi ja ta kama zafi, ko tsayuwa gaban murhu ya gagara. Sai wasu sababbin ƙuraje su feso, ƙanana masu kama da juna, a fuska da ƙirji da baya, waɗanda maganin ne da kansa ya haifar. Nankarwa mai faɗi ta tsaga damtse da cinya, kuma ita ba ta komawa. Gashi ya fito a gefen fuska. Ƙyasfi da makero su samu gida, domin an kashe wa fata garkuwarta. Wadda take shafe jiki duka da shi shekara da shekaru, maganin yana ratsawa cikin jini, yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari, rauni kuma ya ƙi warkewa da wuri. Ki tuna da wannan, ke da za ki shiga gidan aure, wataƙila wata rana a yi miki ɗinki bayan haihuwa.

Sitiroyid kuma ba shi kaɗai ake zubawa ba. Akwai haidurokwinon, wanda in an daɗe ana shafawa yake barin baƙi mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, baƙin da yake wahalar da likitocin fata kansu. Akwai sinadarin zaiba, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda yake kai wa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ba a banza hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa ba a 2023, inda shugabarta Farfesa Mojisola Adeyeye ta ambato alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kashi 77 na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske. Da yawansu ba da niyyar bilicin suka fara ba. Maganin ƙuraje suka je nema, kamar ke.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kuɗin. Mace za ta ce ba ta da kuɗin ganin likita, amma ta cire dubu 45 daga kuɗin da aka tara mata na kayan ɗaki ta tura wa wadda ba ta taɓa gani ba, wadda in fuska ta ƙone sai ta ce "datti ne yake fita, ki ƙara sayen na biyu", daga nan ta toshe lambarki. Kuma dubu 45 ɗin ba sau ɗaya ba ce. Ranar da haɗin ya ƙare fuskar za ta birkice, dole ki koma. A haka kasuwar take tafiya.

To me za ki yi a sati ukun? Kada ki fara wani sabon abu mai ƙarfi yanzu, ko da na kirki ne, domin wasu magungunan sukan ɗan tayar da fata kafin su gyara. Wanke fuska a hankali safe da dare, man laushi mara maiƙo, man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama duk safiya, domin rana ce take ƙara wa tabo duhu. Dilka da halawa a yi miki a jiki, amma a bar fuskar da ke da ɗanyun ƙuraje, kuma ki tambayi mai dilkar me ta zuba a ciki. Mai kwalliya ta ƙwarai za ta rufe tabon nan tsaf. Ki tabbatar burushinta wankakke ne, kuma duk gajiyar kamu da dina kada ki kwanta da hoda a fuska. Bayan biki ki rubuto, mu yi maganar tabon a natse.

Anti, ni na riga na faɗa tarkon. Shekara biyu ina shafa irin wannan haɗin. Duk ranar da na daina, fuskata ta yi ja, ta yi ƙaiƙayi, ta feso da ƙuraje, sai in koma. Kunya ta hana ni zuwa asibiti. Maman biyu, Zariya.

Sannu, 'yar'uwa. Ba ke kaɗai ba ce, kuma babu abin kunya a nan. Abin da kike gani in kin daina alama ce ta fatar ta saba da sitiroyid, ba alama ce ta cewa man yana miki magani ba. Ana fita daga wannan halin.

Sai dai kada ki yanke shi rana ɗaya da kanki, musamman in har jiki kike shafawa, domin bayan tsawon lokaci irin wannan jiki yana bukatar a janye masa a hankali. Shika tana kusa da ke, akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na can. Na Kano su nufi Asibitin Malam Aminu Kano. Ki tafi da robar haɗin a jakarki, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin. Sun ga irin wannan ba adadi. Ki shirya wa makonni masu wuya, wataƙila watanni, fuskar za ta yi duhu ta yi ƙorafi kafin ta dawo. Ki gaya wa maigida tun yanzu don ya san abin da ake ciki, ya tsaya miki.

Na ga ana cewa man goge baki da lemon tsami da tafarnuwa suna busar da ƙurji dare ɗaya. Wanne ya fi? Wata, Jos.

Babu ko ɗaya. Haba! Tafarnuwa tana ƙona fata har ta tashi, lemon tsami in ya haɗu da rana yana barin baƙin shati, man goge baki kuma na haƙori ne. Ƙurjin da zai tafi cikin kwana biyar za ki mayar da shi tabon wata shida.

Na ga sabulun wanke fuska na CeraVe a wani shago rabin kuɗin da ake sayarwa a manyan kantuna. In ɗauka? Ma'aikaciya, Kaduna.

Kin san yadda dala take, kin san kaya ne na waje. Ta ina mai shagon ya samo shi a rabin kuɗi? Jabun irin waɗannan kayan sun yi yawa, kuma kwalbar tana kama da ta gaske ƙwarai. Araha ba ta ado. In kuɗin na gaske ya fi ƙarfinki, ki sayi sabulu mai laushi mara turare mai lambar NAFDAC, zai yi miki aikin wanke fuska. Kuma ba kya bukatar kwalabe goma da kike gani a TikTok. Abin wankewa, magani ɗaya, man laushi, man rana.

Ina da ciki wata huɗu, ƙuraje sun taso min a haɓa, kumatuna sun yi duhu. Ƙanwata ta ba ni ragowar man ƙurajenta, Differin. Mai juna biyu, Sakkwato.

Allah Ya raba lafiya. Mayar mata da abinta. Adafalin da ke cikin Differin magani ne mai kyau, amma shi da danginsa irin su tiretinoyin ba na mai ciki ba ne. Ƙwayar aisotiretinoyin kuwa tana nakasa ɗan tayi, ko kusa kada ki je, haka ma dokisisaikilin da ake bayarwa barkatai a kemis. Ranar awo ki nuna wa likita fuskar, ki tambaye shi game da man azelayik asid, wanda aka saba ba masu ciki, yana taimakon ƙuraje da tabo duka. Duhun kumatun na ciki ne, sau da yawa yana raguwa bayan haihuwa. Ki kiyaye rana, kada ki bari a sayar miki da man haske a kansa.

Anti, ƙuraje masu tauri sun fito min a ƙeya bayan aski. Abokina ya ce dattin jini ne, na sha Ampiclox kati uku, ba canji. Saurayi, Gombe.

Ɗana, daina shan maganin nan. Jininka ba datti, kuma shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba yana sa ya ƙi yi maka aiki ranar da kake bukatarsa da gaske. Ƙurajen ƙeya suna da alaƙa da askin da ake kankarewa ƙwal da gugar wuyan riga ko hula. Ka ce wa mai aski ya daina sa reza a ƙeyar, ya bar ɗan gashi, ka sayi injin askinka ka riƙa zuwa da shi. Kada ka sosa, kada ka bari a tsaga maka. Ka ga likitan fata tun suna ƙanana, domin in suka haɗe suka zama tudu guda, gashin wurin ba ya sake fitowa, maganinsu kuma ya fi tsada.