Akwatin wutar da aka ba ni kyauta zai ɗauki kwamfutar gem?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma na fi shekara guda ina tara kuɗi domin in haɗa kwamfutar girke ta buga gem da hannuna, mafi yawa FC (gem ɗin ƙwallon ƙafa) da GTA V a 1080p. Na tsayar da shawara a kan Ryzen 5 5600, da katin hoto RX 6600, da RAM 16GB, sai dai kuɗin sun kusa ƙarewa. Mai shago ya ce in ɗauki kesin da ke zuwa da akwatin wuta kyauta mai rubutun 700W, wai ko da yake ba shi da wayar katin hoto mai fil takwas, zai haɗa mini da adafta daga wayar SATA, wadda ake ba wa faifan ajiya wuta da ita. Ya kuma ce in bar Ryzen in ɗauki i7-4790 na hannu, domin wai i7 ko ya tsufa i7 ne. Wallahi tsorona kada in ƙona abin da na sha wahalar tarawa, musamman da irin wutar unguwarmu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Tsoronka yana kan hanya, kuma gara da ka tambaya tun kuɗin suna hannunka.

Zaɓin da ka yi da kanka ya fi wanda aka ba ka, saboda haka kada ka bari a karkatar da kai. Shi i7-4790 firosesa ne na shekarar 2014 mai ƙwaya huɗu da ke aiki da tsohuwar RAM ta DDR3, alhali Ryzen 5 5600 ya fito ne a 2022 da ƙwaya shida, kuma ya yi masa nisa a kowane gem da ka ambata. Suna kawai ake sayar maka. Ka nemi babban allo, wato allon da ake dasa firosesa da sauran kaya a kai, na B550, ko B450 idan mai sayarwa ya nuna maka an sabunta BIOS ɗinsa, manhajar da ke tada allon. Ka sayi RAM sanda biyu na 8GB maimakon sanda ɗaya na 16GB, sannan ka ƙara da SSD na NVMe, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri. Firosesan yana zuwa da fankarsa a kwali, kuma ta isa. RX 6600 mai 8GB ya dace da 1080p. Wannan ɓangaren ba shi da wahala.

Inda nake son ka ba ni hankalinka shi ne akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa fak, domin da wuya mako ya wuce ban gamu da wanda ya yarda cewa lambar da aka rubuta a jikinsa ita ce ƙarfinsa ba. Mutum zai kwana yana kwatanta katin hoto da katin hoto, ya ƙirga kowane firem, amma idan aka zo ga abin da zai ciyar da su duka sai ya ce a ba shi kowane iri, tunda ba ya ƙara gudun gem. Gaskiya ne ba ya ƙara gudu, amma shi kaɗai ne kayan da ke haɗe da wutar bango ta gefe guda, ta ɗaya gefen kuma yana haɗe da duk abin da ka saya. Idan RAM ta lalace, ita kaɗai ta tafi. Idan akwatin wuta maras kariya ya lalace, yana iya jan babban allo da katin hoto da SSD su tafi tare.

Ka koma shagon ka ce a juyo maka takardar da ke manne a gefen akwatin. Ka ƙyale babbar lambar 700W, ka nemo layin da aka rubuta +12V, ka duba amfiya nawa ne a ƙarƙashinsa, ka ninka da 12. Firosesa da katin hoto daga wannan layin suke sha, saboda haka abin da ya fito shi ne ƙarfin da zai amfane ka. A irin akwatunan da ake liƙawa kesin kyauta, na sha ganin 16A ko 18A, wato wat 192 zuwa 216, sauran lambar kuma an cike ta da layukan 5V da 3.3V waɗanda kwamfutar zamani ba ta ja sosai, ko kuma an buga ta ne kawai domin ba mai bin diddigi. Katinka shi kaɗai yana jan kimanin wat 132, firosesan kuma ana lissafa shi a wat 65 kuma yana ɗan haura haka idan aiki ya yi zafi, ban da allo da fankoki da sauran kaya. Ka ga ke nan an riga an kai akwatin maƙura tun kafin a fara wasa, ko da an ɗauka takardar gaskiya ta faɗa. Akwati na gari mai 550W zai nuna maka kusan 45A a wannan layin. Ka kuma ɗaga su biyun a hannu: na garin yana da nauyi saboda ƙarafan sanyaya da manyan kafasitoci masu tara wuta, na kyautar kuwa kamar gwangwanin madarar da aka shanye.

Maganar adafta ita ta fi ɓata mini rai. Rashin waya mai fil takwas saƙo ne daga wanda ya ƙera akwatin cewa bai yi shi domin katin hoto ba. Ramin PCIe na babban allo, inda ake soka katin hoto, yana ba da wat 75, waya mai fil shida wat 75, mai fil takwas kuma wat 150, amma mahaɗin SATA an tsara shi ne ya ɗauki wat 54 kacal a layin 12V. Wanda ya ce zai ratsa abincin katin hoto ta wannan ƙaramar ƙofa, ko dai bai san lissafin ba, ko kuma ya sani amma ya tabbata ba a shagonsa abin zai ƙone ba. Akwai wani matashi da ya taɓa kawo mini tasa a cikin buhu. Tun kafin in kwance murfin na ji ƙaurin roba, da na buɗe sai na tarar baƙin mahaɗin ya narke ya manne da wayar, rawayar waya ta koma ruwan ƙasa, ga tabon hayaƙi a bayan katin. Abin da ya fi damunsa ba katin ba ne, SSD ɗin da aikin kammala karatunsa ke ciki ne, domin shi ma bai tsira ba. Ya ce mini ai wata uku tana aiki lafiya. Haka abin yake: yana aiki lafiya ranar da aka gwada shi a shago da tagar Windows kawai, zafin kuma yana taruwa ne a daren da aka yi awa huɗu ana gem a watan Afrilu.

Wasu kuma idan sun ga tambarin 80 Plus sai hankalinsu ya kwanta. Wannan tambari ma'aunin tattalin wuta ne kawai: yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da akwatin ya ja daga bango tana isa ga kayan, sauran ta zama zafi, Bronze da Gold kuma ƙarin mataki ne a kan hakan. Bai ce komai ba game da kariya, kuma buga sitika ba ta gagari mai jabu ba. Abin da za ka nema shi ne sunan samfurin a shafin kamfanin, a ga an jera OVP da OCP da OPP da SCP, wato da'irorin da ke kashe akwatin idan wuta ta yi yawa, ko an ja fiye da ƙima, ko wayoyi sun haɗu. Ka duba a ga an rubuta 100–240V a wajen shigar wuta, domin irin wannan ya fi jure ranakun da wutar unguwa ke zuwa kamar kyandir. Kamfanoni irin su Seasonic da Corsair da be quiet! da MSI suna da samfura masu 550W ko 650W da suka ishe ka, har da sararin canza kati nan gaba. AMD da kanta 450W ta ba da shawara ga RX 6600. Ka saye shi sabo, a kwalinsa, da rasit. Katin hoto na hannu ana iya gwada shi a gabanka na rabin awa a ga zafinsa, amma tsufan kafasita ba ya nunawa a ido.

Idan kuɗin ba su kai ba, ka rage a inda ragin ba ya ƙona komai: kesin maras fitilu, SSD na 500GB maimakon 1TB, ko ka ƙara haƙurin wata guda.

Game da wutar unguwarku, kada wani ya ce maka sitabilaiza zai gyara akwatin banza, domin shi wutar da ke shigowa yake daidaitawa, ba ruwansa da abin da akwatin ke turawa cikin allo. Amfaninsa yana nan, amma bayan an sayi akwati na gari. Wutarmu 230V ce a takarda, abin da ke kashe kaya kuwa shi ne ɗaukewa da dawowa da ƙarfi, da lokacin da ake juyawa zuwa janareta. UPS za ka nema, wato na'ura mai batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, kuma a nan ma akwai tarkon lamba, domin VA da ake rubutawa a jikinsa ba wat ba ne: ƙaramin nan mai 650VA wat 360 zuwa 390 yake bayarwa, saboda haka ka nemi 1000VA ko sama tunda har da allon kallo, kuma mai fitar da tsaftatacciyar wuta ya fi zama lafiya da akwatunan zamani. Aikinsa ya ba ka mintunan kashe kwamfuta ne, ba ci gaba da wasa ba. Ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba ko soket ɗin ɗakinka yana da wayar ƙasa, domin gidaje da yawa rami uku ne a fuska amma waya biyu ce a ciki, shi ya sa kesin ke ɗan jan mutum idan ya taɓa.

Haɗawar kanta aikin yini guda ne da sukudireba ɗaya. Ka ɗora allon a kan kwalinsa, ka saka firosesa da RAM da SSD kafin ya shiga kesin. Fil ɗin Ryzen 5 5600 a jikinsa suke, saboda haka ka daidaita alamar kusurwa uku da ta soket ka sake shi ya zauna da kansa; idan sai an danna, to ba daidai yake ba. RAM tana shiga rami na biyu da na huɗu daga firosesa a yawancin alluna, amma ka duba littafin naka. Ka tabbata ƙananan ƙafafun ƙarfen da ke ɗaga allo daga jikin kesin suna daidai da ramukansa, ba ƙari ba ragi. Idan lokacin hunturu ne, iskar ta bushe kuma jiki yana tara wutar da ke tsartuwa, don haka ka riƙa taɓa ƙarfen kesin kafin ka ɗauki kowane kaya, kada kuma ka yi aikin a kan kafet. Kada ka manta da waya mai fil takwas ta firosesa a saman allo, wadda ba ɗaya take da ta katin hoto ba ko da sun yi kama. Wayar HDMI a jikin katin hoto za ka sa ta, domin 5600 ba shi da hoton kansa, kuma wannan kaɗai ya sa mutane da yawa sun zaci sun ƙona kwamfutarsu. Bayan ta tashi, ka shiga BIOS ka kunna XMP, ko DOCP a allunan Asus, domin RAM ta yi gudun da ka biya.

Shi kuma akwatin kyautar, idan kesin ya yi maka, ka ɗauka ka ce a cire shi a rage maka kuɗi. Idan an ƙi, ka cire shi da kanka a gida, kuma kada ka buɗe cikinsa ko ka bar yara su yi wasa da shi, domin babbar kafasitarsa tana iya riƙe ɗaruruwan bolt bayan an zare shi daga bango. Kafin ka biya kuɗin sabon, ka turo mini sunan samfurin da abin da aka rubuta a layin +12V in duba maka. Allah ya sa albarka.