Amsa ga Alhaji kan ƙwallon golf da ke lanƙwashewa dama

Alhaji, sannu da haƙuri. Wannan ciwon na san shi sarai: ƙwallo ta tashi ta hagu kaɗan, sai ta lanƙwashe dama ta faɗa cikin bishiyoyi. Ka ce an ba ka shawara ka miƙe hannayenka biyu sambal daidai lokacin da sanda ke haɗuwa da ƙwallo. Wallahi wanda ya faɗa maka haka ya cuce ka. Irinsu sun cika wurin atisaye, mutum bai taɓa kallon lilonka, wato yadda kake kaɗa sanda, daga baya ba, amma ya tsaya a kanka yana "miƙe hannu, dafe kai ƙasa". Kai kuma ka biya kuɗin kwandon ƙwallaye kana haddace kuskure. Abin takaici ya fi yawa a ramin farko a filin golf na Ikoyi da ke Legas ranar Asabar, mutane na jiran layi, ka zuba ƙarfinka duka, ƙwallo ta nufi hanyar wasu, kedi, mai ɗaukar maka jakar sanduna, ya sunkuyar da kai don kunya, kowa ya yi shiru. Shirun nan ya fi dariya zafi.

Tunda da dama kake bugu: lokacin haɗuwa hannun hagu ne kaɗai ke miƙe, bayan wuyan hannun a shafe yana kallon inda ka nufa. Gwiwar hannun dama tana nan a ɗan lanƙwashe, kusa da ƙugu. Hannaye biyu ba sa miƙewa tare sai sanda ta wuce ƙwallo. In ka miƙe na dama da wuri, kan sanda ya riga hannayenka isa, sai ka daki ƙasa kafin ƙwallo ko ka aske mata kai. Da damina kuwa, yadda ƙasar Legas ke jiƙewa, sanda nutsewa take yi, ƙwallo ta yi taku goma ta tsaya.

Amma tushen matsalar a saman lilo yake, inda sanda ke fara saukowa. Shahararren ɗan wasan golf Ben Hogan tun 1957 ya kwatanta layin lilo da faifan gilashi da ya kwanta a kafaɗunka ya gangara zuwa ƙwallo, sanda ta sauko ta ƙarƙashinsa. Kai kafaɗar dama ce ke fara saukowa, sai sanda ta fito ta waje ta yanko ciki kamar mai faskare. Fuskar sanda ce ta fi yanke inda ƙwallo za ta fara nufa, lanƙwasar kuma daga bambancin fuskar da hanyar da sanda ta bi take zuwa. Hanya ta yi hagu sosai, fuska ba ta bi ta ba, shi ke nan.

Kada ma ka sayi sabon direba, wato sandar bugun nesa, Allah ya kiyaye asara. Ajiye naka a jaka tukuna, ɗauki ayon, wato sanda mai kan ƙarfe, mai lamba 7. Sa rigar kan sanda a ƙasa, waje da ƙwallo da faɗin tafin hannu, ɗan baya kaɗan. In ka fito ta waje za ka daki rigar. Yi rabin lilo, hannu iya ƙirji. Daga sama, fara da mayar da nauyi kan ƙafar hagu, ƙugu ya buɗe, hannaye su faɗo da kansu, ka ji kamar bayanka ya ɗan daɗe yana kallon tutar rami. Lokacin bugu yawancin nauyinka na kan hagu, hannaye gaba da ƙwallo daidai cinyar hagu. Ciyawar da sanda ta yanko dole ta fara gaba da wurin da ƙwallo take, wato ta gefen tuta, kuma dubi inda tsagar ta nufa: in hagu ce, har yanzu da saura.

Af, riƙonka fa? Duba ƙasa, ya kamata ka ga gaɓoɓin yatsu biyu zuwa uku na hannun hagu. In ɗaya kake gani, fuskar sanda a buɗe za ta dawo, wato tana kallon dama, ko me ka gyara.

Ka sa kedi ya ɗauke ka bidiyo daga baya, wayar daidai tsayin hannayenka kuma a kan layinsu, don in ya ɗaga ta sama ko ya koma gefe, hoton ƙarya zai nuna maka. Turo mana nan mu gani kafin ka sha cunkoson hanyar Epe zuwa filin golf na Lakowe ka zubar da ƙwallaye a ruwa.