Labarai Sun Hana Ni Murnar Sabuwar Shekara

Tambaya: Anti, barka da sabuwar shekara. Kowa na murna, ni kuwa zuciyata a cunkushe take. Da na buɗe waya sai yaƙi, ambaliya da tsadar rayuwa, har barci ya fara gagara ta. Yaya zan yi?

Amsa: Barkanmu dai, ƙanwata. Tausayi ne ke damun ki, kuma ba na so ki rasa shi. Amma ki sani, a ƙarshen Disamba kafafen labarai kan tattaro manyan abubuwan wata 12 su zube su lokaci guda, shi ya sa masifun suka zo miki a dunƙule. Facebook da TikTok kuma an tsara su ne su ƙaro miki irin abin da kika daɗe kina kallo. In kin tsaya kan bala'i, bala'in za su ƙaro.

Ni da safe kawai nake jin labarai, daga kafar da na amince da ita, wayata kuma ba ta kwana kusa da matashina. Gwada hakan. Sannan ki nemi wanda hannunki zai kai gare shi, ko maƙwabciya ce mara lafiya, ki taimaka. In rashin barcin ya ci gaba, don Allah ki ga likita.